Zuwa Sakkwato da Kwantaccen Ciki

Daga Bukkuyum zuwa Anka

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Talata muka baro gida, ni da Innata, zamanin soja, ina da shekara ashirin da tara, ina koyarwa a firamare. Wata tara ke nan cikina ya tasa ta gefen hagu, al'ada tana zuwa tana ɗaukewa. Inna ungozoma ce, rabin yaran unguwarmu a hannunta suka faɗo, in ta taɓa ciki ta yi magana ba a ja da ita. Ta taɓa nawa ta ce kwantacce ne, wato ɗa ne ya yi barci a ciki, zai tashi in lokacinsa ya yi. Ta baza wa gari labari, ta yi ta ɗura mini jiƙe-jiƙe masu ɗacin tsiya don ya motsa. Ɗiyata ɗaya, shekararta shida, to wa zai ƙi irin wannan albishir?

Malamin asibitin garinmu ne ya ɓata mana lissafi. Ya danna, ya saurara, ya ce, "Malama Kulu, wannan ba ciki ba ne, ki tafi Sakkwato." Ya rubuta takarda. Tun ran nan abinci ya daina shiga, domin ƙanwar Inna ciwon daji ne ya kashe ta, ita ma da kumburin ciki ya fara. Maigidana Malam Sahabi, malamin dabbobi ne a Gummi, ya ce mu yi gaba zai same mu ran Alhamis.

A-kori-kura muka samu, an loda buhunan wake, aka ba mu gaba don girman Inna. Ba mu kai Daki Takwas ba sai ƙarfe bakwai, hanya duk rami. Nan na sayi fura wurin wata Bafillatana, na kurɓa sau biyu na miƙa wa Inna. Direban ya ce, "Inna, asibiti za a?" Ta ce, "Awo, za mu kai jikana likita shi gane shi, tunda su sai sun gani da ido." Na kau da kai taga, raina a ɓace. Ƙarfe tara muka shiga Anka.

Daga Anka zuwa Sakkwato

Sa'a biyu cur muka yi a tasha kafin fijo ta cika, kowa naira shida. Inna ta kwance ƙullin hoce da ƙuli ta rarraba wa fasinjoji kamar 'ya'yanta. A Mayanci muka hau kwalta, sai ga shingen soja, an jera ganguna. Wani dogo ya leƙo ya ce kowa ya sauka. Inna ta ce, "Yaro, mai ciki gare mu." Ya dube ni ya ce mu wuce, Allah ya sauke lafiya. Duk motar aka ce amin, har da ni, don kunya. Wallahi wannan amin ɗin ya fi komai yi mini ciwo a tafiyar.

Mun yi azahar a Talata Mafara, mun sha ruwa a Tureta, ƙarfe huɗu da kwata muka sauka Sakkwato. Gidan Hajiya Ige muka nufa, ƙawar Inna ce tun ƙuruciya, ta ba mu ɗakinta da tuwon dawa miyar sure.

Laraba, a asibiti

Ƙarfe bakwai muna layin kati, ba mu ga likita ba sai sha ɗaya. Ba'indiya ce, gajeruwa, da wata nas Bazazzagiya mai yi mata tafinta. Aka kwantar da ni, aka shafa mini wani mai sanyi, aka yi ta zagaya na'urar hoton ciki. Ni dai ban ga komai a gilashin ba sai baƙi da fari.

Nas ta ce, "Likita ta ce ƙari ne a jikin gidan ƙwai na hagu, ya kai ƙaramar gwanda, cike da ruwa. Ba jariri."

Inna ta miƙe tsaye. "Ƙarya ta kai! Shekara talatin ina karɓar haihuwa, wagga ɗiya za ta koya man ciki?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma da nas ta fassara, likitar ba ta yi fushi ba. Ta ce tunda ungozoma ce, ta zo ta nuna mata inda kan yaron yake. Inna ta naɗe hannun riga, ta ɗora tafinta a cikina, ta bi sama ta bi ƙasa, ta sake bi. Ta daɗe, sannan ta ce a hankali, "Babu kai. Babu ƙahwa."

Ta zauna bakin gadon ta dube ni. "Kulu, tun bayan Salla ni sani. In ni ce ba ɗa na ba, to mi na? Abin da ya ɗauki ƙanwata ke nan. Bakina ya kasa hwaɗi." Sai muka fashe da kuka mu biyu, nas tana ba mu haƙuri. Ashe wata da watanni tsoro ɗaya muke kwana da shi a gida ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa.

Da muka natsu na tambayi likita kai tsaye, daji ne? Ta ce bai yi mata kama da shi ba, bangonsa sumul ne, ruwa zalla, kuma shekaruna kaɗan ne, amma ba ta rantsuwa sai an cire an auna. Ta shimfiɗa mini hanya biyu. Ko in koma gida in dawo bayan wata uku a ga ko ya ragu, ko a yi aiki yanzu. Ta ce ƙanana sukan baje da kansu, mai girman nawa da wuya, kuma yana iya murɗewa ya tashi ciwo na gaggawa. Na ce haihuwa fa? Ta ce ko da na hagu ya tafi, na dama lafiyarsa lau, ɗaya ya isa.

Alhamis

Malam Sahabi ya iso da hantsi, shi za ya sa hannu. Shi jira ya so, wuƙa yake tsoro, mutumin da kullum yake yi wa shanu allura! Na ce masa, "Malam, ka ga hanyar da munka biyo. In abin ga ya murɗe da damina, gulbi ya cika, wace mota za ta kawo ni? Kuma wata ukun nan ban iya yin su, kullum ina lissahin mutuwa." Ya dubi Inna, yana zaton za ta goya masa baya. Ta ce, "Sa hannu, Sahabi. Ni riƙe ta wata tara, ya isa." Ya karɓi biro.

An yi aikin ran Litinin da safe. Da na farfaɗo nas ta ce an fid da shi ɗungum bai fashe ba, tare da gidan ƙwan hagu, an aika Zariya a auna. Kwana tara na yi a gado, sannan muka koma gidan Hajiya Ige jiran sakamako, Inna na dama mini kunun kanwa tana gasa ni kamar mai jego. Ranar kwana ashirin da uku likita ta buɗe takarda ta yi murmushi, tun kafin nas ta buɗe baki na gane. Ba daji ba ne. Inna ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti, har masinja ya leƙo.

Komawa gida

Ƙarfe bakwai na safen Asabar muka bar Sakkwato, na sa matashi a ciki saboda gargada, ƙarfe biyar na yamma muka shiga Bukkuyum. Kafin mu aje kaya tsakar gida ta cika da mata, wasu suna leƙen bayan Inna ko akwai goyo. Na yi niyyar shigewa ɗaki in bar ta da su, sai na ji ta ɗaga murya.

"Ku saurara! Ba ɗa ba na, ƙari na, an hidda shi, ga Kulu nan da ranta. Ni na yi kuskure." Ba a taɓa jin haka daga bakinta ba. Ta nuna wata maƙwabciyarmu da ke raɓe a bakin zaure. "Ke Hassi, ke ma na ce maki kwantacce na tun bara. Hwaɗa ma mijinki shi shirya, ran Talata ni da kaina za ni kai ki. Na san hanya yanzu."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu, na gode wa Hajiya Ige da ta bar mana gadonta, da likitar da har yau ban iya faɗin sunanta daidai ba. Hassi kuwa sun tafi da Inna ran Talatar, ƙarfe biyar da rabi.