Ranar da Inna Ta Ƙure Hasken Fitila

Ko tsufa ya kwashe min komai a ka, ba na jin zai kwashe ranar da Inna ta ƙure hasken fitilun ɗakinta a gaban baƙi. An daɗe da yin abin, amma har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai, wani lokacin kuma dariyar ta ƙare da jin haushi.

Ɗakin Inna soro ne na ƙasa, a tsohon gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Kakanmu ya gina shi, a ciki aka haife mu duka. Tun rasuwar Baba ba wanda ya hau ya yi masa yaɓe. Gara ta cinye azara, rufin ya tsage daidai saitin gado. Duk damina sai Inna ta ja gadon gefe, ta jera kwanoni da daro tana tarar ruwa. A shekarar da nake ba da labari, tun bazara ba ta kama ba take aika wa yayana cewa rufin nan ba zai ƙara ɗaukar wata daminar ba. Ni kaina ina gidan mijina, amma da na ga hadari hankalina ɗakin nan yake tafiya.

Yayan nawa ma'aikaci ne a Kano, kuma Allah ya yi shi da son a gani a yaba. Motarsa ko babu mai a ciki a wanke take. Amsarsa ga Inna kullum ɗaya ce, wai ana kan shiri. Ana cikin shirin ya samo matar aure 'yar cikin birni, danginta mata suka ce za su zo su gaida Inna su ga asalinsa. Nan take ya tuna yana da uwa a tsohon ɗaki. Ya kira ni in zo Kano in raka shi sayayya, na hau mota ina murna, a zatona maganar rufi ce ta taso. Ban ankara ba sai ga mu a shagon kayan wuta.

Mai shago ya yi ta kunna mana fitilun silin irin na zamani, masu faɗi kamar faranti. Ga fara tas, ga mai ɗan ja-ja irin na fitilar ƙwai, ga wadda ake ƙara mata haske a rage da rimot, kuma duk ba su da cin wuta, ƙaramar solar da ke gidanmu za ta ɗauke su. Na ce a ɗauki fara, tunda idon Inna ya yi rauni, ko zare ba ta iya sa wa allura. Yayana ko kallona bai yi ba.

"Wacce ce in an rage ta ba a ganin bango sosai?" in ji shi.

Mai shago ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, irin ta otal kake nufi. Ga ta nan."

Na ce, "Yaya, rufin fa?"

Ya ce, "Ke ba ki san harkar ba. Gida haske ne."

A nan na gane an bar jaki ana dukan taiki, amma ƙanwa ce ni, sai na bar shi ya saya.

Ranar da aka zo sakawa, mai haɗa wutar ya yi ta bin azara yana ƙwanƙwasawa, yana neman wadda za ta riƙe ƙusa, garin gara na zubo masa a ka. Da ƙyar ya samu wurin da ya maƙala su. Da aka kunna a ƙure, ni kaina sai da na ji kunya, domin ban taɓa ganin ɗakin uwata haka ba. Duhu ne ya daɗe yana rufa mana asiri. Yayana ya yi maza ya danna rimot, hasken ya yi ta ja da baya har ɗakin ya koma kamar bayan magariba, sannan ya sauke ajiyar zuciya ya ce nan za a bar shi.

Inna ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan nan, wutar taku ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau, Inna. Haka ake yayi yanzu."

"To. Mu dai da, in fitila ta yi haka kalanzir ne ya ƙare. Nuna min inda ake taɓawa."

Ya zauna yana koya mata da alfahari, nan a ƙara, nan a rage. Ta gyaɗa kai, ta tura rimot ɗin ƙarƙashin matashi.

Ranar ziyarar, baƙi suka iso bayan azahar. Kafin nan an tura kwanonin tarar ruwa ƙarƙashin gado, an shimfiɗa darduma, an fesa turare. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma ƙarama, don haka ko da rana sai da fitila. Gaskiya a wannan dishi-dishin ɗakin ya yi kyau. Gwaggon amarya, wata dattijuwa mai farin gilashi, har da cewa tsohon gini akwai sanyi da kwarjini. Yayana ya shigo ya durƙusa yana gaisuwa, bakinsa har kunne, yana sunkuyar da kai irin na yaron kirki.

Sai Inna ta laluba ƙarƙashin matashi ta ce, "Ku yi haƙuri, idon tsufa ne. Mutane su taso tun daga birni, a ce ban ga fuskarsu ba?"

Ta ɗora yatsa a kan rimot, ba ta ɗaga ba sai da hasken ya kai ƙarshe.

Komai ya fito fili. Ga tsagar rufi da hannu zai shiga, ga azarar da ta lanƙwaso an tokare ta da itace a bayan labule, ga sawun ruwan bara a jikin bango, ga bakin daro yana leƙowa daga ƙarƙashin gado. Duk matan suka ɗaga kai sama. Wadda ke zaune a saitin tsagar ta ja jikinta gefe a hankali. Inna kuwa sai bin fuskokinsu take ɗaya bayan ɗaya tana sa albarka, kamar ba ta san abin da ta yi ba.

Gwaggon amarya ta gyara gilashinta, ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce, "Fitilu sun yi kyau, madalla. Allah ya sa rufin ya riƙe su." Ta juyo ga yayana da ke durƙushe ta ce, "A nan mahaifiyarka take kwana?"

Ya ƙara sunkuyar da kai ƙasa. Na so in tausaya masa, amma da na tuna daminar da Inna ta yi tana matsar da gado, sai tausayin ya ƙi zuwa.

Washegari saƙo ya iso masa daga gidan su yarinyar, cewa ba za a sa rana ba sai gwaggo ta dawo ta ga ɗakin. Satin bai ƙare ba sai ga magina, ga sabbin azara, ga jakuna na sauke ƙasa a ƙofar gida. Aikin da aka yi shekaru ana kan shirinsa, kafin ruwan farko an gama shi har da sabon indararo. Abin da ya fi ci min rai shi ne, roƙon uwarsa bai tayar da shi ba sai kallon wata baƙuwa.

Daga baya na tambayi Inna ko da gangan ta yi. Ta ce, "Ni baƙina na duba. Shi ya sayo abin da ya nuna sauran."

Tun daga ranar na riƙe darasi guda. Duk wanda ya zo maka da dabarar rage haske, tashi ka duba abin da ba ya so a gani, musamman in uwarka ce take kwana a ƙarƙashinsa.