Audugar Rimi a Ɗakin Baba

A shekarar da sojoji suka amince za su miƙa mulki ga farar hula, basilla ta soki mahaifina a tafin hannu. Baduku ne, rumfarsa tana Babbar Kasuwa. Ya ɗaure wurin da tsumma ya ci gaba da ɗinki. Ba a daɗe ba haƙoransa suka sarƙe, ko koko ba ya wucewa.

Likitan ƙaramin asibitin da muka kai shi ya ja ni gefe. "Malam, tatanas ne. Za mu yi masa allurai, amma ku nema masa shiru. Duk ƙarar da ta kai kunnensa, jijiyoyinsa za su ɗaure."

Ina za a samu shiru a Katsina a lokacin? An buɗe fagen siyasa, motocin kamfen ɗauke da lasifika suna zagaye gari tun hantsi. Tagar ɗakin da aka kwantar da Baba a asibitin kuwa titi take kallo. Da mota ta gifta sai bayansa ya lanƙwashe kamar baka, ƙeya da dugadugai kaɗai ke taɓa katifa, kuma idonsa biyu, yana jin komai. Inna, mahaifiyata, takan cusa mayafi a baki don kada kukanta ya ƙara masa.

Ni a lokacin ina koyar da kimiyya a wata kwaleji, ina kuma bincike kan yadda abubuwa masu ƙananan ƙofofi, irin soso da tubali, ke shanye sauti. Muna da wata tsohuwar na'ura mai baki biyu. Ɗaya yana aika sauti mai tsinin da kunnen mutum ba ya kamawa, ɗayan ya karɓa. Sai ka sa abin da kake gwadawa a tsakani ka dubi allo, ka ga yadda koren layin da ke nuna sautin ya gajarce da irin jinkirin da ya yi kafin ya iso.

Na bar Baba a hannun Inna na ruga ɗakin gwaji da buhu a kafaɗa. Na gwada ɓuntun shinkafa, na gwada totuwar kara, garin katako, tsohon bargo. Ina tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Na zauna ina kallon baƙin allo, ina tunanin motoci nawa suka wuce tagar tun fitowata. Da wutar ta dawo na farke matashin kujerar ofis na cusa audugar rimin da ke ciki. Layin ya kwanta kusan ƙasa.

Na san sarai cewa abin da ya shanye siririn sauti ba lallai ya tare rugugin gangar 'yan kamfen ba. Ni nake koya wa ɗalibai haka. Amma ba ni da wani abin kamawa.

Na bi gidajen unguwarmu a Gobarau ina roƙon matasan kai da katifun rimi. Wata dattijuwa ta miƙo nata ta ce, "Ɗana, mi za ka yi da wanga tarkace?" Na ce mata Baba ne ba lafiya. Likita ya ba ni izini, na toshe taga, na jingina katifu a bango har ɗakin ya zama kamar rumbu.

Usur da guɗar mata suka daina shigowa. Amma bugun ganga ta ƙasa yake biyowa, ta ƙafar gado. Da la'asar wata mota ta tsaya dab da asibitin, Baba ya sandare har fuskarsa ta yi baƙi. Na fita ba takalmi, na riƙe ƙofar direban.

"Don girman Allah, Alhaji, mahaifina zai mutu a ɗakin can."

Ya dube ni, ya dubi samarin da ke baya. Ya miƙa hannu ya kashe lasifikar, ya ja motar a hankali. Kafin magariba wata ta zo, na sake fita. Haka na koma zama a bakin titi ina tare motoci, wasu su ji, wasu su watsa mini takardun jam'iyya su wuce.

Baba ya tashi daga ƙarshe, bayan an gama zaɓe. Sai dai ɗaurewar ta tsaga masa ƙashin baya, bai ƙara iya zama ya yi ɗinki ba. Ƙanensa ya karɓi rumfar, ni kuma na dawo da su gidana shi da Inna.