Ranar da na zana takwas da mota a Fagge

Jiya mutane suka taru a wani fili a Fagge suna kallona ina ta juya a-kori-kurata, ina zana lamba takwas kamar ɗan koyo. Malam Sani mai shayi ya ce, "Baban Hauwa, lafiya dai, ko a kira masu ruƙiyya?"

Motar ce ta daɗe tana gurnani ta baya duk sanda na sha kwana. Har na fara cigiyar mai saye, alhali da ita muke ci.

Hauwa, 'yata mai karatun kanikanci, ta ja ni Sabon Gari sayen man giyar mota. Na kai hannu kan wanda na saba.

Ta ce, "Baba, aksul ɗin bayan motarka irin mai riƙe tayoyi biyu tare ne, sai man da aka rubuta LS a jikin robarsa. Ɗauki wanda ake kira sintetik, ya fi jure zafi da lodi. In an zuba, ka yi ta zana takwas da motar har man ya ratsa."

Na ce, "Ni da ko a firamare takwas ɗina a kwance yake fitowa?"

Aka zuba man, na nufi filin nan na Fagge na hau zana takwas. Kafin mai shayi ya gama yi mini dariya, gurnani ya ɗauke. Na fasa sayarwa.

Iyaye, akwai wanda 'yarsa ta taɓa mayar da shi aji, ko ni kaɗai ne?