Tabaran Kakana Mai Ido Biyu

Ranar da likitan ido ya miƙo mini tabarau mai rabi biyu, sama na hangen nesa, ƙasa na karatu, sai na yi dariya har ya tsargu. Kakana na tuna.

Malami ne a Isa, mai karantar da manya a zaure. Tabarau biyu gare shi: ɗaya na duba littafi, ɗaya na gane fuskar mai tambaya. Wata damina na zauna kan na karatun, ƙarfen ya karye. Bai yi mini faɗa ba, sai dai ya ce ya huta, zai naɗe buzu. Kwana uku zauren shiru.

Kawuna, malamin firamare a Sabon Birni, shi ya zo da labarin wani dattijon Amurka na zamanin da. Mai buga littattafai ne, jakada, da shi aka tsara dokar ƙasarsu, ya ƙera ƙarfen da ke kare gida daga tsawa, ya kuma haɗa tabarau biyu a ƙarfe ɗaya.

"Duk wanga mutum guda?" in ji kakana. "To yaushe shika kwana?"

Tsawa da jakadanci ba su dame shi ba, tabaran ya riƙe. Ranar kasuwa na kai wa mai gyaran agogo duka biyun, na yi masa bayani da bakina. Ya yanka, ya goga, ya liƙe da ƙaro. Ashe na juya zancen: rabin karatu ya koma sama.

Kakana ya saka, ya duƙa kan littafi, bai ga komai ba. Na fara hawaye. Can sai ya ɗaga littafin sama da goshinsa, baƙaƙe suka fito.

"Amarya, bar kuka," in ji shi, da sunan tsokanar da yake kirana. "Littahi bisa, mutane ƙasa. Ai haka ya kamata tun farko."

Haka ya karantar har ya rasu, hannu a sama, kafaɗa na ciwo. Bai taɓa gaya wa kowa kuskuren wa ne ba.

Nawa na asibiti daidai yake, ba ƙaro, ba tabo. Amma jiya jikata ta tsaya tana kallona, ta ce, "Kaka, don mi kike ɗaga littahi bisa?"