Kafaɗar Kawu a Uhudu

Jiya a filin jirgi na ga ana nuna ƙwallon Amurka a talabijin, wadda ake sa hular kwano ana karo kamar raguna. Raina ya ɓaci, don na tuna Kawu.

Ya daɗe yana wannan wasa a Amurka kafin ya dawo Madina. Yana cikin ƙattin gaba, masu tare abokan hamayya da ƙirji don mai ƙwallo ya wuce. Na ga kokawa a Dakar, na ga dambe a Kano, ko'ina mai shan duka yana da kirarinsa. Shi kuwa wani aka yi wa tafi, aka bar shi da ruɓaɓɓun gwiwoyi. Yakan ce, "Ni ba na taɓa ƙwallo, hanya nake buɗewa."

Wata rana a shekarun tamanin, muna tare da shi, wata tsohuwa 'yar Nijar ta faɗi cikin cunkoson masu ziyara a Uhudu. Kawu ya rage tsawo, ya ware ƙafafu, ya kafa kafaɗa, jama'a suka rabu biyu a kansa. Har yau ina jin warin man zafin da ke jikinsa.

"Hajiya, tashi a hankali, ina nan."

Wani mai shago ya daka masa tsawa: "Yalla ya shaiba, matsa tsoho, ka tare mini kaya!"

Tsohuwar ta tashi, amma Kawu ya kasa miƙewa. Ɗaukarsa muka yi, kuma bai sake takawa zuwa Harami ba. Mai shagon ko kallo bai yi ba, carbinsa yake jerawa.

Allah Ya buɗe wa Kawu hanyar da mutane suka hana shi.