Kawu da Ɗan Tsalle

Kawuna tela ne. Tun kafin a haife ni yake yanka yadi, tun kafin a haife ni kuma yake masifa. Shagonsa ɗan mitsitsi: keke ɗaya, teburin yanka, benci, sai fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Bai taɓa yabon ɗinkin kowa ba. Ko rigar kanti ka sa, sai ya kama wuyanta ya ce, "Wanda ya ɗinka wannan da yunwa ya kwana."

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo har ya fi da, hannu ne ya ƙi. Almakashi zamewa yake daga yatsunsa. Likita ya ce a riƙa motsa yatsun kullum, in ba haka ba shi da shago sai dai kallo. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya jefi kyanwa da ita.

Ni na sa masa gem a waya, irin wanda ɗan mutum ke gudu yana tsallake ramuka. Da babban yatsan dama ake danna tsallen. Kawu ya yi ta faɗawa rami har ramin ya ba ni tausayi.

"Ke, wai ina ɗan banzan nan za shi yake wannan gudun? Kare ya biyo shi?"

Bayan kwana biyu sai ya natsu, matarsa har tana sa min albarka. Na leƙa. Ashe ya gano wani gem ɗin a wayar, na gina gari da tura sojoji. Shi wannan ba ruwansa da sauri, dabara yake so, yatsa ɗaya na hagu ma ya isa. Kawu ya kishingiɗa yana ba da umarni kamar shi ya haifi mutanen. Hannun dama kuwa yana cikin aljihu yana hutu.

"Ga wasan manya," in ji shi. "Tsalle-tsalle na marasa aikin yi ne irinki."

Na ce, "Kawu, kana ta cin garuruwa, cokali ya gagare ka."

Ya kife wayar a cinyarsa. Can ya ce, "A nan ba na faɗuwa, 'yar nan."

Na ji shi har cikin raina. Duk da haka na goge garin, da sojojin da komai. Ya daina amsa gaisuwata. Amma in na bi ta bayan tagarsa ina jin ɗan kiɗan nan na faɗawa rami, da muryarsa yana zagin dangin ɗan tsalle kaf.

Rannan ya aiko in same shi a shago, in taho da sabon yadina, wanda ban bari kowa ya taɓa ba.

"Kawu, ba ka da tsumma ne ka gwada?"

"Tsumma ba ya ba ni tsoro. Shimfiɗa."

Na shimfiɗa, bakina yana addu'a. Ya ja layi da alli, ya ɗauki almakashi da dama. A hankali yake yanka, gumi na ɗiga daga haɓarsa, amma almakashin bai faɗi ba har ƙarshen yadin.

Rigar ta fito, hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Na nuna masa. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Kafaɗarki ce a karkace, tun kina yarinya. Matsa, mai ɗinki na jira."