Jan Ganyen Maje a Ruwan Yeji

Ni ban yi makaranta ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana bugawa a waya, in kuka ya ci ƙarfina ta dakata ta jira ni.

Mijina fita ne, wato makanike, a Suame Magazine nan Kumasi, injin manyan motoci yake gyarawa. Ni kuma koko da ƙosai nake sayarwa a ƙofar gidanmu a tsohon Zango. Masta kowa yake ce masa, ni ma haka bakina ya saba. Shi kuwa Mai Koko yake kirana ko a gaban surukai ne.

Tun kafin ya aure ni, yana koyon aiki, maigidansa ya taɓa tura shi Yeji gyaran injin wani jirgin ruwa mai ɗaukar doya. Da aka gama aka ce ya bi jirgin ya saurari injin a hanya. Wannan ce kaɗai tafiyar ruwa da ya yi a rayuwarsa, kuma bai taɓa gajiya da ba da labarinta ba. Ya ce bishiyoyin maje na bakin ruwa sun zubar da tsohon ganye sun fito da sabo, ja wur, tun daga gaɓa har inda ido ya tsaya, ruwan ma ya ɗauki launin.

In na sayo atamfa mai ja na nuna masa, sai ya taɓe baki.

"Mai Koko, wannan ne ja? Wannan ai manja ne da ya kwana a buɗe. Bari in kai ki Yeji ki ga ja."

"Yaushe, Masta? Tun ina goyon fari kake kai ni Yejin nan."

"Watan Maulidi ake zuwa. A watan na gan su. Na tuna sarai, don 'yan kasuwa sun yi ta yabon Annabi a cikin jirgin, har shinkafa aka raba."

Haka muka yi ta yi, yara suka girma, jikoki suka zo. Sai idonsa ya fara ciwo. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, maganin ɗigawa zai rage mata sauri kawai. Ranar da muka dawo daga asibiti bai ci tuwo ba. Ya ce abu ɗaya ya rage masa, ya tsaya kusa da ni ina kallon bishiyoyin nan, shi ma yana kallo.

Babban ɗanmu direba ne, yana zaune a Kwadaso. Da ya ji, ya zo ana gab da Buronya, wato Kirsimeti, ya ce, "Baba, ina da hutu bayan Buronya. Mu tafi yanzu tun kana gani."

"Ba lokacinsu ba ne," in ji Masta. "Ka kai uwarka ta ga kore? Koren ai akwai shi a Kumasi. Sai Maulidi."

Ni ma na goyi bayansa. Mu mutanen gari ne, daga ni har shi babu wanda ya taɓa riƙe fartanya. Aure da suna da rasuwa, duk da wata muke tuna su. Mun san azumi yakan zo cikin ruwa, wata shekarar ya zo cikin zafi, wannan kowa ya sani. Amma bai taɓa faɗo mana a rai ba cewa bishiya ba ta bin wata.

Muka jira. Idon hagu ya tafi kafin azumi. Bayan Babbar Sallah sai ya zama in na miƙa masa kofin koko yana laluben gefensa. Duk safiya yakan tambaye ni wane wata muke ciki, alhali ya sani.

Maulidi ya zo. Ɗanmu ya kai mu Yeji a mota, ana ruwa tun daga Ejura. Muka samu wuri a jirgin doya, a kan benci kusa da ƙarfen gefe. Masta ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Da injin ya tashi ya karkata kai ya saurara, ya ce wannan ba irin wanda ya gyara ba ne, sabon yayi ne.

Gari ya ɓace a bayanmu, ni ina ta zuba ido. Kore ne ko'ina, kore mai duhu, ciyawa ta fi mutum tsayi, sama kuma toka-toka. Na ce wa raina ko sai an ƙara gaba.

Kusa da mu akwai wata mai sayar da doya, tana jin Hausar Zango. Na matsa na yi ƙasa da murya na tambaye ta inda majen suke.

"Mma, ga su nan kina kallo," ta ce da ƙarfi, tana nunawa da baki. "Ja kike nema? Ai sai tsakiyar rani, in an ƙone daji, bayan Buronya haka. Yanzu wa zai ba ki ja?"

Bayan Buronya. Na koma na zauna, ina roƙon Allah ƙarar injin ta hana shi ji. Na riga na shirya abin da zan ce in ya tambaya, zan ce sun fara, Masta, ga su can sun fara. Na buɗe baki ke nan ya ɗora hannunsa a gwiwata.

"Bari, Mai Koko. Tun a mota na sani. Wancan zuwan leɓena har tsagewa ya yi don bushewa. Yau ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa nake ji."

Ɗanmu ya juya mana baya yana kallon ruwa. Can sai Masta ya ce in ɗaga shi. Na kama shi muka tsaya jikin ƙarfen. Ya miƙa hannu wajen gaɓa, ya ɗan kauce wa inda bishiyoyin suke, ban gyara masa ba.

"Daga can suke farawa," ya ce. "Na ƙasa-ƙasa kamar lalle a hannun amarya. Na sama sun fi haske, in rana ta bi ta cikinsu kamar garwashin murhunki da asuba. Kina gani?"

"Ina ji, Masta."

"To ji ɗin ma ya isa yau. Bayan Buronya mu dawo, ke ki gani, ki faɗa mini."

Bai kai Buronya ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, aka kai shi makwancinsa a Tafo ina cikin ɗaki.

Da na fita takaba rani ya riga ya wuce. Shekarar da ta biyo ɗanmu ya zo ya ce mota na waje, lokacin ne yanzu, ya tambayi mutanen Yeji sun ce sun yi ja. Na ɗaura ɗankwali, na kai har zaure, na tsaya. In na je na gani, wa zan faɗa wa? Na ce ya tafi aikinsa, Allah ya yi masa albarka.

Bana ma ya zo. 'Yata ta ce bari ta rubuta cewa zan je baɗi. Na ce ta rubuta abin da na faɗa kawai. Har yanzu nakan hura murhu da asuba ko ba koko zan dama ba, in zauna ina kallon garwashin har ya zama toka.